Bodin Motar Shanu

Da Alhaji mai fataucin shanu ya buɗe bayan motar a kasuwar Potiskum, wari ya sa kafintan da ya yi wa motar bodin katako ja da baya. Shanu bakwai ne kwance matattu, sun kumbura. Ko Bauchi direba bai kai ba ya juyo.

"Malam, me na ce ka yi mini?"

"Bodin da zai kai shanu Legas da ransu, Alhaji."

"To, wannan fa?"

Kafinta ya shafa katakon, bai ga aibu ba. Shekara ashirin ya yi a hannun maigidansa, wanda ya rasu shekarar da aka ba su Jihar Yobe, mutumin bai taɓa gaya masa abin da ake nema ba. Sai dai auna nan, yanke can, rufe saman, matse kar ka bar kafa. Ya haddace, ya bi ɗaya bayan ɗaya.

"Yadda marigayi ya koya mini na yi."

Alhaji ya nuna masa rufaffen saman motar.

"Bawan Allah, marigayi ai motocin gero yake yi wa bodi. Gero ba ya numfashi."