Hannu Mai Lalle

Da layin karɓar wuridi ya zo kansu, ɗan daudun nata ya ɓoye hannuwansa cikin riga. Ita ta ƙunsa masa lallen jiya, ita da duk garin Dayi aka sani da karuwanci, shi kaɗai ke ce mata "tawa".

Maza kan karɓi wuridin Ƙadiriyya hannu da hannu, mata kuwa su riƙe gefen mayafin malam. Shi fa?

Tsohon malamin ya miƙa masa duka biyun. "Zaɓi, ɗana."

Ya fito da jajayen hannuwansa, ɗaya ya kama mayafin, ɗaya ya damƙe hannunta. "Malam, tare muka zo."

Malam ya yi dariya. "Ai tun daga ƙofa mutum ɗaya na gani."

Ta manta inda take, ta rangaɗa guɗa.