Maginin Randa da Yumɓun da Aka Kawo Masa

Tanimu, jiya ka zo mini da maganar mutanen da ke son buɗe gidan burodi da sunanka a garuruwansu, ka ce in faɗa maka garin da ya kamata ka fara da shi. Ban amsa ba, domin na lura bakinka yana ta komawa kan babban birnin nan da ba ka taɓa kwana a cikinsa ba. Ni ban san harkar burodi ba. Amma ga wani misali, ka auna shi da kanka.

An yi wani magini a wani ƙauye wanda ba ya gina komai sai randa. Randarsa takan yi zufa a jiki, ruwan cikinta kuwa ko a tsakiyar bazara sai ya kama haƙori. Yana da ɗan hatimi na icen kanya da yake dannawa a wuyan kowace randa tun tana ɗanya, mata kuma sukan shafa wuyan su nemi alamar kafin su yi ciniki. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai wasu magina biyu suka zo suna roƙon ya koya musu haɗinsa, ya sassaƙa musu irin hatiminsa, su riƙa ba shi kasonsa. Ɗaya daga wani ɗan ƙauye yake a bayan dutse, inda kasuwa ke watsewa tun kafin azahar. Ɗayan daga babban gari ne a hayin kogi, inda ya ce da amalanke ake sauke randuna, kuma ba sa kwana. Tsoho ya ce ɗaya zai fara ba wa, ya ga yadda za ta kaya, gama ba shi da gona, ba shi da dabba, sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Mutum ne mai zargi ƙwarai. Bai ci goron da suka kawo masa ba. Ya bi fatake yana tambayar halinsu da na iyayensu. Ya sa kowanne ya yi gini a gabansa, yana kallon yatsunsu. Daga ƙarshe ya ce baki yana ƙarya amma ƙasa ba ta yi, kowa ya je ya ɗebo masa yumɓun garinsu. Na bayan dutse ya kawo nasa mai tsakuwa da kaushi, ya ce sai an tankaɗe shi an jiƙa sosai yake biyayya. Na hayin kogi ya kawo cikin buhu, mai laushi kamar man shanu. Tsoho ya murza, ya sansana, ya ɗora a harshe. Ya gina ɗan tulu da kowanne, ya gasa su a wuta guda, ya zuba ruwa. Na bayan dutse ya yi sanyi daidai gwargwado. Na hayin kogi kuwa ba ka raba shi da nasa.

Matarsa ta kurɓa, ta ce, "Malam, ƙasar nan ba ta yi kama da tamu fiye da kima ba?"

Ya ce Allah da ya yi ta a nan bai gaza yin ta a can ba. Hanyar garin da nisa, ga kogi, ga ciwon gwiwa, don haka bai je ya gani da idonsa ba. Ya sassaƙa hatimi ya ba na hayi.

Kafin bazara ta gaba randuna masu alamarsa sun cika gidajen babban gari. Ba su yi zufa ba. Ruwansu ɗumi, da ɗan ɗaci a maƙogwaro, wasu ma gindinsu ya riƙa marmashewa. Mugun labari kuwa ba ya jiran kwalekwale. A kasuwar ƙauyensa, matan da iyayensu suka sha ruwa a randarsa suka fara shafa wuya, su ji alamar, su janye hannu. Sai a lokacin ya ɗaure gwiwa ya haye kogi. Ya ce a kai shi ramin da ake haƙar yumɓu. Tun daga nesa ya hango bakin ramin fari fat da kanwa. Ya juya ya dubi mutumin, ya tambaye shi inda ya samo wanda ya kawo a buhu.

Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "A raminka na ɗiba, Baba, a kan hanya. To, da namu na kawo, ai da ba ka ba ni ba."

Tsoho ya karɓe hatiminsa. Amma randunan suna can a ɗakunan mutane da sunansa a wuyansu, ba mai bi gida gida ya kankare. Da ya dawo, ya lallaɓa bayan dutse ya miƙa wa ɗayan hatimin. Mutumin ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya yi haƙuri, in ya danna alamar nan yanzu ba mai sayen kayansa.

Na ga irin wannan sau da yawa, Tanimu, kuma yawanci masu taka-tsantsan yake samu, domin sukan binciki duk abin da aka ajiye a gabansu, su manta da wanda ya zaɓo shi ya ajiye. Mai son sunanka ya san abin da kake so ka gani. Kada ka fara da garin da ya fi yawan jama'a don an faɗa maka yawansu. Ka je ka sha ruwan da za a kwaɓa fulawar da shi, ka leƙa tanderun, ka tsaya a bakin hanya ka ga abin da mutanen ke karyawa da shi. Garin da ƙafarka ba za ta iya zuwa ba, kada sunanka ya riga ka shiga. Hausawa sun ce, zuwa da kai ya fi aike.