Zanen da Ke Cikin Silinda

Wani mutum da ake kira Mai-famfo yana da babur irin na daji, mai dogayen ƙafafu, wanda ake haɗa wa fetur da man inji a tanki ɗaya. Da shi yake zaga gonaki yana gyaran injinan ban ruwa. Da shi kuma ya yi alkawarin kai 'yarsa ta fari jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, domin daga gidansu zuwa bakin kwalta rairayi ne zalla, mota ba ta shiga. Sau ɗaya ake wannan jarrabawa a shekara, yarinyar kuwa har ta rame saboda karatu.

To, jama'a, ku ji halin bawan Allahn nan. Man da aka yi domin irin wannan babur ya ƙare masa. Maimakon ya sayo wani, sai ya koma ɗibar baƙin man da yake juyewa daga injinan mutane, mai kauri, cike da garin ƙarfe, yana antaya wa tanki.

Matarsa ta gan shi ta ce, "Baban yara, wannan dagwalon za ka zuba masa?"

Ya ce, "Mai ai mai ne. Ke me kika sani a harkar inji?"

Ba a daɗe ba babur ya fara nuna alama. Ƙarfinsa ya ragu, ga wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, da safe kuma sai an buga kik har gumi ya karyo kafin ya tashi. Dole ta sa ya tura shi shagon kawunsa, tsohon bakaniken babura.

Kawu ya kwance kan injin, ya zare silinda, wato bututun da fistin, ƙarfen nan mai tura injin, ke kai da kawowa a ciki, ya ɗaga ta wajen haske. Sai ya yi tsaki.

"Miƙo farcenka. Shafa nan."

Mai-famfo ya shafa. Farcen ya maƙale a wasu dogayen zane da suka tsaga bangon silindar daga sama har ƙasa.

Kawu ya ce, "Ka ji ko? In farce ya kama, magana ta ƙare. Sai an kai ta wurin masu injin gyaran silinda su faɗaɗa ta, a sa fistin da ya fi wannan girma. Bar min ita yau, in Allah ya so kafin jarrabawar jikata ka hau abinka. Wai ma me kake zuba wa babur ɗin nan?"

Mai-famfo ya sosa ƙeya, ya kau da maganar. "Haba Kawu, ɗan wannan zanen? A goge shi da sanfefa mana, a sa wa fistin sabon ringi. Ina da ayyuka a gaba, ba zan ajiye babur ba."

"Kai, ka ji ni da ɗan nan! Ƙarfe ne ya ci ƙarfe, kana cewa sanfefa? Sai dai ka ruɗi kanka. Wallahi ba da hannuna ba."

Da wani ne, ai da ya haƙura. Ina! Gogan naku ya tattara kayan injinsa a buhu, yana ƙunƙuni wai tsofaffi sun cika tsoro, shi ma ai inji yake gyarawa. Ya zauna a tsakar gida ya dirje silinda da sanfefa, ya sa ringi, ya ɗaure. Abin haushi, babur ya tashi. Nan fa bakinsa ya buɗe. Har shagon Kawu ya je yana murɗa totur, don dai a ji. Baƙin man nan kuwa bai fasa zubawa ba.

Ana gobe jarrabawa 'yar ta ce, "Baba, ko in tafi yau in kwana gidan Gwaggo? Ya fi kusa da makarantar."

"Ba ki yarda da aikina ba ke nan? Je ki ki yi karatunki."

Da safe ta hau bayansa, ta rungume jakarta. Sun yi nisa, sun shiga inda rairayi ya fi zurfi, ya matsa wa babur. Injin ya ɗau zafi, ya yi wata ƙara mai ban tsoro, tayar baya ta ƙame, suka zube gefe. Ya tashi ya taka kik, kik ya ƙi motsi ko kaɗan. Fistin ya manne da silinda, inji ya buga.

Ba gida kusa, ba mai wucewa. Yarinya ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta kama gudu a cikin rairayi, gwiwarta na jini. Shi kuwa ya tsaya yana kwance fulogi yana hurawa, kamar a nan matsalar take.

Sai da rana ta take ya iso bakin makarantar, yana tura babur, rigarsa sharkaf. Ya tarar da ita zaune a gindin katanga, takalman na gefenta.

"Kin shiga?"

Ba ta ɗago kai ba. "Na tarar an rufe ƙofa, Baba. Na roƙe su har na durƙusa. Sun ce sai baɗi."

Takaici ya ishe shi, ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi.

Jama'a, kowane inji da man da aka yi dominsa, kuma ɓarnar da ta yi zurfi ba a shafe ta da dabara. In wanda ya san aiki ya ce a gyara, a gyara tun da wuri, domin taurin kan mutum ɗaya yakan jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba asarar shekara guda.