Manomin Albasa da Malfar Ƙanensa

Ka ce gargaɗin da aka haɗo maka da magani duk wayon asibiti ne? To, zauna ka ji misalin wani manomin albasa.

Mutumin nan fari ne, ƙaƙƙarfa, yana da fadama guda da ya gada, ga zargi kamar me. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya laluba aljihunsa. Wata shekara ya shaƙi fumfunar gyaɗa a rumbu, ta zauna masa a huhu, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ƙanensa ya kai shi asibitin birni. Likita ta ɗora shi a kan wata ƙwaya mai kashe fumfuna, wadda zai daɗe yana sha, ta ce, "Baba, maganin nan ba ya shiri da rana. Ka rufe jikinka, ka sa malfa, in hantsi ya yi ka bar gona sai la'asar. In ba haka ba fata za ta ƙone, har ta iya zama ciwon daji." A hanya ƙanen ya saya masa malfa mai faɗi. Nan fa zuciyar manomin ta ɗarsu. A garinsu, wanda aka ga yana barin ban ruwa tun hantsi, dangi kan taru su ba ɗan'uwansa aron filin, aron da bai cika dawowa ba. Shi da aka haifa a rana, ya yi furfura a rana, yau ita ce za ta cinye shi? Kuma me ƙanen nan ya tsaya raɗa wa likita a bakin ƙofa? Ƙwaya dai ya ci gaba da sha, don ya ga tari yana sauƙi. Malfa kuwa ya rataye ta a rumfa, ya tuɓe riga ya shiga fadama da tsakar rana, don kowa ya shaida.

Ba a yi wata ba wuyansa ya yi jawur, leɓe ya tsattsage, bayan hannu ya tashi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya ce jifa ne. Ya daina cin tuwon gidan ƙanen, ya cinna wa malfar wuta don wai an saƙa laya a cikinta, ya ƙi komawa asibiti, sai dai ya aika a karɓo masa ƙwaya. A rani na uku wani gyambo mai kaurin baki ya fito masa a bayan hannun dama, man kaɗanya bai yi masa komai ba. Sai da ya fara wari, matarsa ta yi ta kuka, sannan ya koma. Likita ta ce abin da ta faɗa ne ya zo. Aka yanke, aka haɗa da yatsu biyu. Hannun ya warke, amma bai ƙara riƙe fartanya ba, dole dangi suka ba ƙanen aron fadamar.

Da aka cire albasa, ƙanen ya kwaso ta kaf ya jibge masa a ƙofar gida, ya ɗora sabuwar malfa a kai. Mutumin ya ɗauke ta da hagu, ya juya ta, ya bi saƙarta da ido yana neman laya. Bai ga komai ba sai kaba. Kunya ta rufe shi, ya kifa ta a kansa ya yi kuka.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, in kunne ya ji, jiki ya tsira.