Kunnen Hagu na Hanrahan

Saura kwana uku zaɓe aka shigo da wata tsohuwa cikin zauren taro, sanye da rigar gidan gajiyayyu.

Whitcomb ne ya zaƙulo ta, abokin takarar Cornelius Hanrahan. Shekara goma sha biyu Hanrahan yana wakiltar unguwarmu ta 'yan Ailan a majalisar jiha, nan Boston. Ya sauko daga jirgin ruwa a shekarar yunwar Ailan da riga ɗaya, ya yi dako, ya yi fasa dutse, har ya kai ga doguwar hular manya. Bai taɓa aika wasiƙa gida ba. Duk watan Mayu yakan kunna kyandir a coci, ba ya faɗin na wane ne.

Whitcomb ya baza cewa Hanrahan na ainihi ya mutu a teku, wannan da takardar mamaci ya zama ɗan ƙasa. In ta tabbata, kujera ta tafi, sai gidan yari. Ita kuwa tsohuwar, Honora Hanrahan, uwar Cornelius da ake kira Con a gida, ran Litinin za a mayar da ita Ailan, tunda ba ta da mai ciyar da ita.

"Iya, duba da kyau," in ji Whitcomb. "Ɗanki ne wannan?"

Hanrahan, mutumin da kan yi awa biyu yana jawabi a kan kwatami, ya sunkuyar da kai gabanta kamar yaro. Ya ba mu tausayi, har mu da muka zo kallon faɗuwarsa.

Ta jawo kunnensa na hagu, ta daɗe tana duban tabon da ke gefe. Sai ta ɗauke shi da mari.

"Con! Ɗan banza! Ka ajiye tumbi, uwarka tana shan ruwan kabeji!"

Zaure ya kece da dariya. Whitcomb ya lalubi hularsa ya fice. Ran zaɓe ko masu tsaron akwatin ƙuri'a sai da suka gaji da jin sunan Hanrahan.

Amma a yammacin ranar taron, cikin keken doki, daga ita sai Hanrahan, ta gyara zama ta ce tana son ɗaki mai taga da shayi mai kauri. Ya ce to.

"Kunnen nan aladena ne ya gutsire shi, ranar da ka shigo mini satar ƙwai, Malachy ɗan gidan Tierney," ta ce. "Yanzu gaya mini, da kuka jefa Con ɗina a ruwa, akwai wanda ya yi masa addu'a?"