Ƙasar Rufe Lantana

Tun da aka gano farin dutsen da ake yin batir da shi a ƙarƙashin garinmu, doka ta hana kowa haƙa ramin da ya wuce taƙi ɗaya. Ƙasar duk ta kamfani ce.

Ranar da Lantana ta rasu, mijinta Baba Jatau ya dogara sandarsa zuwa ofishin kamfani neman izinin kabari. Ya tarar da Barau a kan kujera, ɗan maƙwabcinsa da Lantana ta goya tun yana jariri.

"Barau, innarka ta cika da safen nan. An yi mata wanka, rami kawai muke jira."

Barau ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa. "Baba, maƙabartar ma an auna ta. Akwai dutsen a ciki."

"Iyayenmu fa da ke kwance?"

"Za a kwashe su. Da la'asar mota za ta zo ta kai Inna ɗakunan siminti na bayan gari."

"To, a ba ni ƙasa cikin tafin hannu, in zuba mata."

"Wallahi Baba, na'ura za ta yi ƙara, su kore ni."

Tsohon ya juya ya fita. A bakin ƙofa mai gadi ya zaunar da shi cikin ladabi, ya cire masa takalma, ya kakkaɓe ƙurar ƙafarsa a cikin tire, sannan ya ce, "Allah ya jiƙanta, Baba."