Dalilin da Ya Sa Lyon Ba Ta Taɓa Ɗaga Kofi Ba

"Karim, gudu! Kada ka gaida kowa!" Ihun da nake yi ke nan daga bakin fili.

Ni ne kocin ƙungiyar besbol ta Hausawan Lyon. Tun 2004 muke karawa da 'yan Paris, shekara tara ba mu ɗaga kofi ba. A wasan nan, in ka doki ƙwallo sai ka zagaye tasha huɗu a guje. In aka taɓa ka da ita a hanya, ka fita. To, 'yan Paris dattawa suke girkewa a kowace tasha, yaranmu kuwa masu tarbiyya ne. Yaro zai taho da gudu, ya ga furfura, ya ci birki ya durƙusa. Kafin a kai "ina gajiya" an taɓa shi.

Bana sai na ɗauko Karim, haihuwar Villeurbanne da ke gefen Lyon, wanda ko limami "salut" kawai yake ce masa a tsaye, irin gaisuwar Faransawa.

Ya wuce Alhajin farko kamar iska. Na biyu har hannu ya miƙo masa, ko kallo bai samu ba. Ya wuce na uku. Saura taku biyar!

Sai mai tsaron tashar ƙarshe ya cire ƙarfen da ya rufe fuskarsa. Baban Leïla ne, wadda Karim zai aura watan gobe.

Karim ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa. "Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya? Ya mutanen gida?"

Ƙwallo ta iso hannun tsoho, ya dafa kan Karim da ita. "Allah ya yi maka albarka. Ka fita."